BABI NA HUƊU: TARKEN SHAFUKAN BIYAN KUƊI NA INTANET TA FUSKAR NAKASASSU A BABBAR KASUWAR KATSINA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren nakasa kamar yadda Bahaushe ya kasa su, da kuma matsayin da al'ada ta ba makafi da kurame da guragu da kutare a cikin al'umma. A wannan babi kuwa za a ɗora shafukan intanet da manhajojin waya da ake biyan kuɗi da su a bisa ma'auni, domin a ga ko an tsara su yadda nakasasshe zai iya ciniki da su shi kaɗai, ko kuwa dole sai da ɗan jagora. An zaɓi Babbar Kasuwar Katsina, wadda ake kira Kasuwar Fatima Baika, ta zama fagen wannan tarke saboda ita ce cibiyar saye da sayarwa ta birnin, kuma a cikinta ake haɗuwa da kowane irin mai ciniki, daga attajirin da ke sarin shadda har zuwa tsohuwar da ta zo awon mudun gero.

An yi amfani da kalmar "nakasassu" a nan duk da cewa kafafen watsa labarai sun fi son a ce "masu buƙata ta musamman". Dalili kuwa shi ne, tarke irin wannan yana buƙatar a kira kowace lalura da sunanta, domin abin da ke tare wa makaho hanya daban yake da abin da ke tare wa kurma. Tambayar da babin ya ginu a kanta guda ɗaya ce: shin makaho zai iya biyan kuɗin turmin atamfa ta waya ba tare da ya faɗa wa wani lambarsa ta sirri ba?

4.1 Nakasasshe a Tsohon Tsarin Ciniki

Hausawa na cewa, "Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano." Wannan karin magana ya nuna cewa ko da al'umma ta ƙyamaci mutum a wasu wurare, idan ya shigo kasuwa da kuɗi a hannunsa ya zama daidai da kowa, har ma yana da ikon zaɓe. Ke nan kasuwa tana cikin wuraren da nakasasshe ya fi samun mutunci a ƙasar Hausa.

Idan aka lura da yadda cinikin gargajiya yake gudana, za a ga cewa bai dogara ga gaɓa ɗaya ta jiki ba. Ana sallama, a tambayi farashi, mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", a ƙara, har a kai ga ya sallama. Duk wannan da baki ake yinsa, saboda haka makaho ba ya rasa komai a ciki. Yakan shafa yadi ya san nauyinsa, ya ɗebi hatsi ya ji ko ya bushe. Kurma kuwa yana nuna kaya da hannu, ya yi tayi da yatsu, mai kaya ya amsa masa da yatsu ko da kaɗa kai. Gurgu yana tsayawa a bakin rumfa a kan kekensa a miƙo masa kaya. Wato kowa yana da ƙofar da yake shiga ciniki ta cikinta.

Wannan ba yana nufin tsohon tsarin ba shi da aibi ba ne. Takardun kuɗin Nijeriya na naira 100 da 200 da 500 da 1000 duk girmansu ɗaya ne, haka kuma na naira 5 da 10 da 20 da 50, waɗanda na leda ne, su ma girmansu ɗaya. Makaho yana iya bambance leda da takarda, amma bambance ɗari biyar da dubu yana da wuya, musamman idan takardar ta tsufa ta yi laushi. A ƙasashen Turai masu amfani da kuɗin yuro kuwa, kowace takarda da nata girman. Duk da haka makafi sun samar wa kansu dabara, wato ninke kowane nau'in kuɗi da irin nasa ninki, ko ware wa kowanne aljihunsa. Abin lura a nan shi ne, taimakon da makaho yake nema a wannan tsari ƙarami ne. Idan ya tambayi na kusa da shi ko nawa ce wannan takarda, iyakar abin da ya bayyana ita ce takardar nan guda. Sauran dukiyarsa tana nan a rufe.

4.2 Daga Takardar Kuɗi Zuwa Allon Waya

Biyan kuɗi ta waya ya fara shiga kasuwa a hankali, amma abin da ya tilasta wa kowa shi ne canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Sababbin takardun sun fara yawo a tsakiyar Disamba 2022, aka kuma sa ranar 31 ga Janairu 2023 ta zama wa'adin daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka kai tsofaffin kuɗi bankuna, sababbin kuma ba su wadata ba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wasu jihohi ciki har da Katsina suka bi sahunsu, kuma a ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

A cikin waɗannan makonni ne mai kayan miya da mai nama da mai faskare suka koyi karɓar taransifa, aka riƙa rubuta lambar asusu a jikin kwali ana rataye wa a bakin rumfa. Bayan kuɗi sun dawo hannun mutane ɗabi'ar ba ta gushe ba. Ta fuskar makaho kuwa, canjin bai kawo wani sauƙi ga takardar kanta ba, domin abin da ya fi fitowa fili a sauyin shi ne launi, girman takardun bai canza ba.

Adalcin tarke shi ne a faɗi alheri kafin a faɗi aibi. Sabon tsarin ya hutar da gurgu daga hawa matakalar banki da kuma ƙoƙarin shiga ƙunƙuntar ƙofar tsaro wadda keken guragu ba ya iya wucewa ta cikinta. Ya rage yawo da kuɗi a jiki, wanda ya fi zama haɗari ga wanda ba ya iya gudu ko ba ya ganin mai binsa. Haka kuma gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwa a watan Maris 2021, ta cinye shaguna masu yawa, ta tuna wa 'yan kasuwa cewa kuɗin da ke cikin asusu wuta ba ta cinsa. Saboda haka ba a kan samuwar tsarin ake ƙorafi ba, a kan yadda aka gina shi ne.

4.3 Ma'aunin da Aka Yi Tarke da Shi

Tarke ba ya yiwuwa sai da ma'auni. Wanda aka ɗauka a nan shi ne ƙa'idojin da ake kira WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara dokokin gina shafukan intanet ta fitar. Kashi na farko ya fito a 1999, na biyu a 2008, aka yi masa ƙari a 2018 da kuma 2023. Ƙa'idojin sun tsaya a kan ginshiƙai huɗu:

(i) Abin da ke cikin shafi ya zama mutum zai iya riskarsa, ko da ido, ko da kunne, ko da taɓawa.
(ii) Ya zama zai iya sarrafa shi, ko da ba ya iya amfani da yatsu yadda aka saba.
(iii) Ya zama zai iya fahimtarsa.
(iv) Ya zama an gina shi da inganci yadda na'urorin taimakon nakasassu za su iya aiki da shi.

Babbar na'urar taimako ga makaho ita ce manhajar karanta allo, wadda ke faɗin duk abin da yatsa ya taɓa da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a na iPhone kuma VoiceOver. A kwamfuta akwai JAWS, da kuma NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙira, ake kuma bayar da ita kyauta. Sai dai wannan manhaja ba ta gani. Abin da magini ya rubuta a bayan shafi shi take karantawa. Idan bai rubuta komai ba, ita ma ba ta da abin faɗa.

Ya kamata a sani cewa sakaci da waɗannan ƙa'idoji ba a Nijeriya kaɗai yake ba. Cibiyar WebAIM da ke Amurka tana auna shafuka miliyan ɗaya da aka fi ziyarta a duniya kowace shekara tun daga 2019, kuma a kowane awo fiye da kashi 90 cikin 100 sukan fito da kurakurai.

4.4 Tarken Shafuka da Manhajoji

4.4.1 Makafi da Masu Raunin Gani

A ɗauka makaho ya gama ciniki a layin 'yan atamfa, an sallama masa, saura biya. Matakin farko shi ne samun lambar asusun mai kaya, wadda ke rubuce a kwali. Wannan da sauƙi, domin ana iya karanta masa. Matsala tana farawa ne idan ya buɗe manhajar. Magina da yawa sukan yi amfani da hoto a maimakon rubutu: kibiya tana nufin tura kuɗi, hoton ido yana nufin nuna abin da ya rage a asusu, hoton ƙararrawa yana nufin saƙonni. Idan ba a raɗa wa kowane hoto suna a bayan shafi ba, manhajar karanta allo iyakarta ta ce "maɓalli", ta sake cewa "maɓalli". Wannan daidai yake da a kai makaho tsakiyar kasuwa inda kowane mai rumfa ya yi shiru, a ce ya nemo mai sayar da gishiri. Gyaran wannan kuskure kalma ɗaya ko biyu ce kawai ga kowane hoto, amma rashinta ya rushe ginshiƙi na farko gaba ɗaya.

Abu na biyu shi ne gwajin da ake kira CAPTCHA, inda shafi kan nemi mutum ya kwafi wasu karkatattun baƙaƙe, ko ya zaɓi hotunan da ke da fitilar kan titi, don ya tabbatar shi mutum ne. Ga makaho wannan ƙofa ce da aka kulle aka tafi da makulli. Kusa da shi akwai tantance fuska, inda ake umartar mutum ya daidaita fuskarsa a cikin da'ira, ya ƙifta ido, ya juya kai. Idan umarnin a rubuce kawai yake zuwa, babu murya mai cewa ya matsa dama ko hagu, to wanda ba ya ganin da'irar ba zai taɓa cika ta ba.

Abu na uku shi ne lokaci. Lambar tabbatarwa da banki ke aikowa tana mutuwa bayan 'yan mintoci, kuma tsarin danna lambobi mai farawa da alamar tauraro yana yankewa idan aka yi jinkiri kaɗan. Mai ido yana kallon lambar sau ɗaya ya rubuta. Makaho kuwa sai ya fita daga manhajar, ya nemo saƙon, ya saurare shi a cikin hayaniyar kasuwa, ya haddace, sannan ya dawo. Ƙa'idar WCAG ta ce a gargaɗi mutum kafin lokaci ya ƙare, a kuma ba shi damar ƙarawa. Makafin da ke riƙe da ƙaramar waya mai madannai, wadda yawanci ba ta magana, sukan haddace jerin lambobin da ake bi. Ranar da aka sauya jerin, ko aka cusa talla a tsakiya, haddar ta tashi a banza.

Har wa yau, ba makaho ɗungurum kaɗai abin ya shafa ba. Akwai dattijon ɗan kasuwa mai yanar ido, da mai ciwon suga da ganinsa ya ragu, da zabiya wanda hasken rana ke damunsa. Waɗannan suna gani, amma siririn rubutu mai ruwan toka a kan fari ba ya karantuwa gare su, balle a tsakar ranar Katsina. Ƙa'ida ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, kuma a iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da shafin ya wargaje ba. Haka nan kada a dogara ga launi kaɗai, kamar a ce kore yana nufin kuɗi ya tafi, ja yana nufin bai tafi ba.

4.4.2 Lambar Sirri

A nan ne tarken ya fi nauyi. Tsofaffin na'urorin POS suna da madannai na roba, kuma a kan lamba 5 akwai ɗan tudu da yatsa ke ji. Daga wannan tudu makaho yake gane inda sauran lambobi suke, ya danna lambarsa ba tare da kowa ya sani ba. Sababbin na'urori da yawa kuwa gilashi ne sumul, babu abin da yatsa zai kama, wasu ma sukan hargitsa jerin lambobin a kowane biya don gudun masu leƙe. Abin da aka yi don tsaron mai ido ya zama tonon asirin marar ido, domin hanya ɗaya ce ta rage masa, wato ya faɗa wa mai POS ko ɗan jagoransa lambar da baki, a cikin jama'a.

Idan aka kwatanta wannan da abin da aka gani a 4.1 za a ga girman asarar. A da makaho takarda ɗaya yake nunawa. Yanzu makullin rumbunsa gaba ɗaya yake miƙawa. Daɗin daɗawa, bankuna suna gargaɗin masu hulɗa da su cewa kada su faɗa wa kowa lambar sirri, kuma wanda ya faɗa to alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa. Ke nan tsari ɗaya ne ya tilasta masa faɗa, ya kuma ɗora masa laifin faɗar. Ɗan jagora yana iya kasancewa ɗansa ne ko jikansa mai amana, amma ko babu cuta akwai tauye mutunci, domin magidanci ba ya son yaron gidansa ya san abin da ya mallaka.

Idan makahon shi ne mai sayarwa, damuwarsa ita ce alat na bogi, wato saƙon ƙarya mai nuna an turo kuɗi alhali ba a turo ba. Mai ido yana buɗe asusunsa ya duba. A ƙasar Indiya an samar wa ƙananan 'yan kasuwa wata 'yar na'ura mai lasifika, wadda ke faɗin adadin kuɗin da ya shigo da harsunan ƙasar. Irin wannan dabara tana amfanar makaho, tana kuma amfanar mahauci da mai tuya waɗanda hannuwansu ba su da sararin taɓa waya. Wannan ya nuna cewa gyaran da aka yi don nakasasshe yakan zama hutu ga kowa.

4.4.3 Kutare da Masu Lalurar Hannu

Tun daga 2014 aka fara rajistar lambar BVN, wadda ta dogara ga hoton yatsu da na fuska, haka kuma lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda aka wajabta haɗa ta da layin waya tun daga Disamba 2020. Mutumin da kuturta ta cinye masa yatsu, ko wanda aka yanke wa hannu, yana cin karo da shinge tun kafin ya kai ga buɗe asusu, sai fa idan ma'aikacin da ya tarar ya san wata hanyar tantancewa kuma ya yarda ya bi ta. A nan karin maganar da aka kawo a baya ya juye, domin ga kuturu ga kuɗinsa, amma ko alkakin saman kwano bai samu ba.

Wanda ya wuce wannan mataki kuma yana fama da ƙananan maɓallai da aka cushe wuri ɗaya. Mai karkarwar hannu ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa yana iya nufin "soke" ya taɓa "tura". Ƙa'ida ta tanadi cewa a duk abin da ya shafi kuɗi a ba mutum damar dubawa da gyarawa kafin a zartar. Nuna sunan mai asusu kafin a tura kuɗi, wanda manhajojin Nijeriya suke yi, abin yabo ne ta wannan fuska, muddin manhajar karanta allo tana iya faɗin sunan.

4.4.4 Kurame

Ana iya zaton kurma ba shi da matsala tunda yana gani. Matsalarsa tana bayyana ne ranar da aka cire kuɗi daga asusunsa ba su isa ga mai kaya ba. Idan hanyar kai koke ita ce kiran waya kawai, to an rufe masa baki. Haka kuma bidiyon koyar da amfani da manhaja, idan babu rubutu a ƙasansa kuma babu mai fassara da hannu, hoto ne kawai mai motsi. Bugu da ƙari, kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshe, wato maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta kuma wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Ga kurman da ya tashi da wannan harshe, rubutaccen Turanci harshe ne na nesa ƙwarai. Saboda haka gajerun jimloli da bayyanannun alamomi sun fi masa amfani a kan doguwar sanarwa.

4.5 Matsalar Harshe

Ko da magini ya cika dukkan ƙa'idojin da aka ambata, akwai sauran rina a kaba. Ma'aunin WCAG ya wajabta a bayyana harshen da aka rubuta shafi da shi, domin manhajar karanta allo ta zaɓi muryar da ta dace, amma bai wajabta a rubuta shafin da harshen masu amfani da shi ba. Wannan shi ne gibin ma'aunin kansa idan aka kawo shi Katsina. Cinikin Babbar Kasuwa da Hausa ake yinsa, har da fataken da ke zuwa daga Maraɗi ta hanyar Jibiya, waɗanda bokonsu na Faransanci ne. Shafin da ke magana da Turanci zalla ya cika sharaɗi a takarda, amma bai cika shi a kunnen makahon da karatunsa na allo ne ba. Mai ido wanda bai yi boko ba yana haddace hoto da launi da wurin da maɓalli yake. Makaho ba shi da wannan mafita, kalma ce kaɗai jagorarsa.

Fassara shafin zuwa Hausa ma ba ta kashe maganar ba. Idan muryar da ke cikin waya ta Turanci ce, za ta karanta Hausa da lafazin Turanci, baƙaƙe masu lanƙwasa kuma, wato ɓ da ɗ da ƙ, ko dai ta tsallake su ko ta faɗi abin da ba shi ba ne. Magina da yawa ma ba sa rubuta lanƙwasar, sai "ƙara" ta koma "kara", "baƙi" ya koma "baki". Sannan rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kalmar "ɗari" ta lissafi da "ɗari" na hunturu rubutunsu ɗaya ne, haka "gari" na zama da "gari" na tuwo. Mai karatu yana ganewa daga muhallin magana, amma na'ura sai an koya mata.

Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa, ba magina shafuka kaɗai ba. Ana buƙatar daidaitattun kalmomi na harkar kuɗi, domin kada wannan manhaja ta ce "aika", waccan ta ce "tura", wata kuma ta ce "canja wuri". Ana kuma buƙatar muryoyin Hausa da aka naɗa da ingantaccen lafazi. Kafin a kai ga haka, abu mafi sauƙi shi ne a naɗi muryar mutum yana faɗin 'yan kalmomin da biyan kuɗi ya ƙunsa, domin ba su da yawa: lambobi, da sunayen matakai, da "ya tafi" da "bai tafi ba".

4.6 Matsayin Doka

Wasu na ɗaukar wannan gyara a matsayin taimako ko sadaka, wanda in an ga dama a yi. Doka ba haka ta ɗauke shi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙoƙin nakasassu a 2006, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2010. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci hanyoyin sadarwa na zamani, har da intanet, a cikin abubuwan da dole nakasassu su samu damar amfani da su. A watan Janairu 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutum, da tarar naira 1,000,000 ga kamfani. Ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairu 2024. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa domin aiwatar da ita.

Sai dai idan aka duba sassan dokar da suka shafi samun shiga, za a ga ƙarfinsu ya fi karkata ga gine-gine da hanyoyi da ababen hawa da bin layi. Alhali ƙofar banki a yau tana cikin waya fiye da yadda take a bakin titi. A wasu ƙasashe kotuna da majalisu sun riga sun fayyace wannan. A Amurka ƙungiyar makafi ta ƙasar ta kai kamfanin Target ƙara a 2006 saboda shafinsa na sayar da kaya, aka sasanta a 2008 a kan dala miliyan 6. A Tarayyar Turai kuma dokar da ta shafi bankuna da cinikin intanet da na'urorin biyan kuɗi ta fara aiki a ranar 28 ga Yuni 2025. Babban Bankin Nijeriya, wanda shi ke ba bankuna da kamfanonin biyan kuɗi lasisi, yana da ikon sa irin wannan sharaɗi. Wajibi ne kuma a riƙa gwada kowace manhaja a hannun nakasassu kafin a fitar da ita. A Katsina ba a rasa waɗanda za a tuntuɓa ba, domin akwai makarantar makafi, akwai ƙungiyoyin nakasassu, akwai kuma sarakunansu na gargajiya.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an auna shafuka da manhajojin biyan kuɗi da ginshiƙai huɗu na WCAG, an kuma kwatanta su da cinikin baki da hannu da aka gada a Babbar Kasuwar Katsina. An ga cewa sabon tsarin ya kawo sauƙi na gaske, musamman ga guragu, amma an gina shi ne bisa zaton cewa kowane mai ciniki yana da ido da yatsu goma da kuma Turanci. An ga cewa mafi yawan gyare-gyaren da ake buƙata ba masu tsada ba ne, kamar raɗa wa maɓalli suna, da ƙara lokaci, da barin madannai masu tudu, da buɗe hanyar koke ta rubutu. An kuma ga cewa ma'aunin kansa bai wadatar ba matuƙar babu murya mai magana da Hausa.

Dangane da tambayar da aka buɗe babin da ita, amsar ita ce: makaho mai babbar waya, mai jin Turanci, wanda ya dace da manhajar da aka gina da kula, yana iya biya shi kaɗai. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan kuwa, har yanzu sai ya faɗa wa wani lambarsa. Babi na gaba zai duba kalmomin da 'yan kasuwa suka ara ko suka ƙirƙira a harkar biyan kuɗi ta waya, domin a ga waɗanda suka cancanci a daidaita.